Ku Tambayi Kawu: Wasiƙun Bazara

Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duk maganarsu ɗaya ce, wato zafi. Ban yi mamaki ba, domin tun da watan Maris ya raba gaisuwar mutanen Yamai ta koma "ina zafi?", kuma amsar "lokacinsa ne" da muke bayarwa a baki ba ta hana mutum juye-juye a kan tabarma har kiran asalatu. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba a wannan fili.

Daga wani ma'aikaci, unguwar Talladje, Yamai:

"Kawu, barka da aiki. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tara kuɗi, sai bara Allah ya nufa na gama ɗaki biyu da falo, ginin siminti da rufin kwano. Wannan ce bazararmu ta farko a ciki, kuma tun farkon Afrilu ba mu kwana a ɗaki ko sau ɗaya ba. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare idan ka dafa bango sai ka ji kamar tanda. Makon jiya na je gaida mahaifiyata a ƙauyenmu kusa da Illela, na yi barcin rana mai daɗi a tsohon ɗakin laka na mahaifina, ɗakin da a da nake jin kunyar nuna wa abokaina. Shin kuskure na yi? Kuma akwai gyara ba tare da rushewa ba?"

Ƙanena, Allah ya sanya alheri a gidan, ya sa a zauna lafiya. Ba kuskure ka yi kai kaɗai ba, abin da gari duka yake yi ka yi, kuma ni ma mai ba ka amsar nan a ƙarƙashin kwano nake rubutu, da jiƙaƙƙen rawani a wuya.

Kwano ba shi da kauri, saboda haka ba ya iya riƙe komai. Idan rana ta take, zafinsa yakan wuce digiri 60, kuma nan take yake sauko da shi kan mutanen da ke ƙarƙashinsa. Shi kuwa bulon siminti, wanda yawancinmu muke amfani da mai faɗin santimita 15 don a rage tsada, yana shan rana tun daga hantsi, zafin ya ratsa shi cikin ƴan awoyi, sannan ya yi ta amayar da shi cikin ɗaki har tsakar dare. Bangon mahaifinka ya ninka wannan kauri sau biyu ko uku, a samansa kuma akwai azara da zana da ƙasa mai yawa, ga taga ƙarama wadda ba ta barin rana ta shiga. Kafin zafin Azahar ya gama ratsa irin wannan bango, rana ta riga ta faɗi. Abin da ya ba ka barcin rana ke nan.

Sai dai kada in yaudare ka, domin na girma a irin wannan ɗaki a ƙasar Adar kuma na san shi ciki da waje. Da dare a watan Mayu shi ma ɗakin laka ba ya shiguwa. Bambancin shi ne iyayenmu ba su taɓa neman ɗaki ɗaya ya yi musu komai ba. Ɗaki na rana ne, tsakar gida ta dare ce, zaure na maza ne da baƙi, rumfa ta masu daka da tsifa, kuma kowane lokaci na yini yana da wurinsa. Ina tuna kakata, da La'asar ta yi sai ta ɗauki ƙwarya ta yayyafa wa tsakar gida ruwa da tafin hannunta, ƙasa ta ɗauki wannan ƙamshi, a fito da tabarmi da gadon kara, mu yara mu kwanta muna ƙirga taurari har barci ya sace mu. Yau mun sayi fili ƙarami, mun cika shi da ɗakuna har bakin katanga, ɗan abin da ya rage mun malale shi da siminti don kada ƙura ta dame mu, sannan muka ɗora duk rayuwarmu a kan wayar lantarki. Ranar da aka ɗauke wuta sai gidan ya zama kurkuku. Kuma laka tana da nata wahalar: tana son yaɓe kusan kowace shekara, azarar giginya ta yi tsada, kuma duk wanda ya ga gidajen da suka zube a ambaliyar 2020 da ta 2024 ba zai zargi mai gudun ginin ƙasa ba.

Abin da nake ƙi shi ne kunyar nan da ka ambata. Masallacin Yama, a jihar Tawa, na ƙasa ne. Magini Falke Barmu ya fara shi a 1962, kuma a 1986 ya samu lambar yabo ta Aga Khan, wadda masana gine-gine na duniya suke ji da ita. A Dandaji, ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara tare da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka danne da inji, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018. Tana cikin waɗanda suka gina gidajen da ake kira "Niamey 2000" a nan Yamai da irin wannan tubali. Ke nan ƙasar da muke rainawa, wasu daga nesa suke zuwa kallonta.

Game da gyara, ba sai ka rushe komai ba. Ka fara da bangon yamma, domin shi ne yake shan ranar La'asar, wadda ta fi kowace dafa ɗaki: ka kafa masa rumfar zana ko ta kara, ka bar tazara tsakaninta da bangon don iska ta riƙa wucewa. Idan ba ka sa silin ba ka sa, amma ka tabbata magini ya bar ƙananan kafofi tsakanin silin da kwano ta ɓangarori biyu, in ba haka ba zafin zai taru a can ya rasa mafita. Farin fenti a saman kwano yana mayar da hasken rana da yawa. Tagogi kuwa a rufe su tun da hantsi, a buɗe bayan Isha'i, domin buɗe taga ƙarfe biyu na rana gayyatar wuta ce cikin ɗaki. Idan akwai sauran ƙasa a tsakar gidan da ba ka malale ba, ka bar ta haka, ka kuma haƙa ramin dashe tun yanzu kafin ruwa ya sauka.

Daga wata uwa, unguwar Garkawa, Tawa:

"Kawu, ina wuni. Ɗana na fari wata uku gare shi. A asibiti an ce kada in ba shi komai sai nono har ya cika wata shida, ko da ruwa ne. Uwar mijina kuwa ta ce wannan rashin imani ne, a zafin da babba ma yake shan buta guda, ta yaya za a hana jariri ruwa. Jiya na fito daga wanka na tarar tana ɗura masa da cokali. Ban ce komai ba, amma na kwana ina kuka. Wa zan bi?"

Ƴata, ki bi maganar asibiti, amma kada ki mayar da surukarki abokiyar gaba, domin tausayi ne ya sa ta ɗauki cokalin nan, kuma a irin wannan tausayi ta raini mijin da kike aure.

Nonon uwa, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma wanda yake fara fitowa idan yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi ne yake kashe masa ƙishirwa kafin mai kauri ya biyo baya. Shi ya sa za ki ga a bazara yaro yana neman nono akai-akai, ya ɗan tsotsa ya saki. Ba rigima ba ce, ruwansa yake sha. Cikin jariri ɗan ƙarami ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, kuma idan tsotso ya ragu nonon ma yakan ragu. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ruwan kansa. A wannan lokaci da famfo yake yin kwana da kwanaki bai zo ba, ruwan da muke sha ya bi ta jarka da kurar ƴan garuwa da randar da hannu goma suke shiga. Cikin babba ya saba, na ɗan wata uku bai saba ba, kuma zawo a bazara yana iya ƙarar da jariri cikin yini ɗaya.

Ki lura da fitsarinsa. Idan yana jiƙa zane sau shida ko fiye a yini da dare, kuma fitsarin ba ja ba ne, to yana samun abin da ya ishe shi. Idan kuwa kika ga maɗigarsa ta faɗa, ko yana kuka babu hawaye, ko ya yi laushi ya ƙi kama nono, kada ki jira mijinki ya dawo daga kasuwa, ki goya shi ki tafi asibiti. Ki kuma cire masa hular ulu da safar nan da ake jibga wa jarirai ko a watan Afrilu don tsoron sanyi. Riga ɗaya marar nauyi ta isa.

Ita kuwa Inna, gardama da ita ba taki ba ce. Duk lokacin da ta ce yaro yana jin ƙishirwa, ki ce: "Gaskiyarki Inna, ba ni ruwan in sha, ta jikina zai isa gare shi," ki sha a gabanta, ki sa shi a nono. Wannan ba wayo ba ne kawai, gaskiya ce, domin mai shayarwa tana bukatar ruwa da fura fiye da kowa a gidan. Ranar awo kuma ki roƙe ta ta raka ki, ta ji daga bakin ungozoma, wadda wataƙila sa'arta ce. Sauran aikin na mijinki ne, kuma idan yana karanta wannan shafi ina gaya masa cewa shi ya kamata ya zauna da mahaifiyarsa cikin ladabi ya yi mata bayani, ba ya zuba ido mata biyu da suke ƙaunar ɗansa su ɓata a kan cokali ba.

Daga wani ɗalibi, Harobanda, Yamai:

"Kawu, me ya sa zafin Mayu ya fi na Afrilu wahala, alhali lambar da wayata take nunawa kusan ɗaya ce? Kuma da gaske ne zafin yanzu ya fi na zamaninku, ko dai tsofaffi ne suke son yabon da?"

Ɗana, bazara biyu ce a cikin ɗaya. A Maris da Afrilu iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas take zuwa, ta hamada, busasshiya ƙarau. Zafin rana a Yamai yakan kai wajen digiri 41 a yawancin ranakun Afrilu, amma gumi yana fita yana bushewa, kuma bushewar nan ita ce take ɗauke zafi daga jiki. Wajen ƙarshen Afrilu rana takan tsaya daidai tsakar ka a Yamai da Tawa, har mutum ya nemi inuwarsa ya same ta a ƙarƙashin takalminsa. Daga nan sai iska ta juya, ta fara zuwa daga kudu maso yamma ɗauke da laimar teku. Ruwa bai sauka ba tukuna, amma iska ta riga ta jiƙe, gumi ya daina bushewa, riga ta manne a baya, ƙurajen zafi su feso wa yara, dare kuma ya ƙi yin sanyi. Wayarka zafin iska take aunawa, ba ta san abin da fatarka take ciki ba.

Randa ma shaida ce. Tana sanyaya ruwa ne ta hanyar tsatsafar da take yi ta jikinta, iska tana busar da ita, kamar dai yadda gumi yake yi wa mutum. A kan wannan ne wani malami daga Jigawa a Najeriya, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ka ɗanɗana ruwan randa a Maris, ka sake ɗanɗanawa a ƙarshen Mayu, za ka ji ta rage ƙoƙari.

Tambayarka ta biyu, tsofaffi muna da yabon da, ban musa ba, amma a nan ba mu yi ƙarya ba. A ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Wannan ya shafi duniya baki ɗaya. Akwai kuma wanda muka jawo da hannunmu. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen Yamai ba su wuce dubu talatin da ɗoriya ba, a ƙidayar 2012 kuwa sun haura miliyan ɗaya. Kwalta da siminti da kwano suna shan rana su riƙe, kuma dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye birnin, an yi ta yankansa ana fitar da filaye har ya zama tsumma.

Daga wani tela, unguwar Bukoki, Yamai:

"Kawu, Allah ya ƙara girma. Mahaifina ya kusa shekara tamanin, yana da hawan jini, amma ba ya barin azumin Litinin da Alhamis, kuma da ƙafa yake zuwa masallaci sallar Azahar. Ranar Alhamis da ta wuce ya dawo yana tangaɗi, yana magana ba kan gado, bai ma gane jikansa ba. Maƙwabta suka ce iska ce ta buge shi a hanya, aka kawo hayaƙi da rubutu. Bayan Magariba ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa. Yanzu ya ce Litinin ma zai ɗauka. Ina jin nauyin hana shi ibada."

Ƙanena, ku gode wa Allah, domin abin da ka bayyana ya yi kama da bugun zafi, kuma ba kowane tsoho ne yake kai Magariba a irin wannan hali ba. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, tunda ruɗewa irin wannan tana iya zama faɗuwar sukari ko alamar shanyewar jiki, kuma wannan kansa dalili ne na kai shi likita a wannan mako, ba sai ta sake faruwa ba. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, domin wasu magungunan hawan jini fitsari suke sawa, su rage ruwan jiki, kuma likita ne kaɗai zai ce a rage ko a canza.

Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, jikinsa kuma ba ya fitar da gumi da sauri, saboda haka yana iya bushewa yana zaune yana ce maka lafiyarsa lau. A kwanaki huɗu na farkon Afrilun 2024, cikin azumin Ramadan, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102, kuma da yawansu sun haura shekara sittin. Idan ka ga mutum jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya suma bayan ya sha rana, abin yi shi ne a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita, ana kuma neman abin hawa zuwa asibiti a lokaci guda. Hayaƙi a rufaffen ɗaki ƙara masa wuta ne. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, kuma maganin zazzaɓi ba ya sauke irin wannan zafi. Idan yana iya sha da kansa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Fanka ma a yi hattara da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, fanka ɗumama jiki take yi maimakon sanyaya shi. Tsohon da aka kwantar a ɗakin kwano aka kunna masa fanka aka ja ƙofa, gasa shi ake yi a hankali. A jiƙa masa zane ko a shafa masa ruwa a jiki, sannan iskar ta yi amfani. Tunda kuma muna cikin watannin sanƙarau, wanda ya kama dubban mutane a ƙasar nan a 2015 kuma Yamai ta fi ko'ina jin jiki, duk zazzaɓin da ya zo da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya kada a ce rana ce, a garzaya da mai shi.

Batun ibada kuwa, ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da ƙaramin ɗalibi ma ya sani shi ne addinin da ya ba marar lafiya izinin ajiye azumin farilla ba zai tilasta masa na nafila ba. Kuma hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a jinkirta sallar Azahar har a samu sanyi idan zafi ya tsananta. Kai ba za ka iya gaya wa mahaifinka haka ba, zai ga yaron da ya haifa yana koya masa addini. Ka je wurin limamin masallacinsu ko wani amininsa da suka yi karatun allo tare, ka ba shi labarin ranar Alhamis dalla-dalla, ka bar sauran a hannunsa. Kafin nan, ka ajiye keken ɗinkin na rabin awa ka kai shi masallaci a babur.

Daga wata mai sana'ar ƙanƙara, unguwar Lazare, Yamai:

"Kawu, ni bazawara ce da ƴaƴa huɗu, da injin ƙanƙara ɗaya nake ciyar da su. Da sanyi dala biyar nake sayar da ƙulli, yanzu na mayar dala ashirin, domin wuta ba ta zama, wani lokaci kwana biyu kafin ruwa ya daskare, rabi kuma ya narke. Ruwan ma sai ƙarfe uku na dare famfo yake kawowa, ni da babbar ƴata muke tashi tara. Matan unguwa suna cewa na zama azzaluma. Abin yana damuna."

Hajiya, wanda ya ce ki sayar a farashin hunturu, ki tambaye shi ko zai zo ya taya ki tsaron famfo ƙarfe uku na dare. Ƙanƙarar da ta kwana biyu kafin ta yi, ta ci wuta da barcinki da na ƴarki, kuma ba zalunci ba ne mutum ya fitar da wahalarsa a cikin sana'arsa.

Dalilin ƙarancin wuta da ruwa ba ɓoyayye ba ne. A bazara kowa yana kunna duk abin da ya mallaka a lokaci guda, daga fankar talaka har na'urorin sanyaya ofisoshi, alhali an yi shekara da shekaru, har zuwa 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar nan take sha daga Najeriya ake sayo ta, ta Yamai kuma ta layin Birnin Kebbi take zuwa. Mun ga abin da wannan yake nufi a Agustan 2023 da aka katse layin. An buɗe tashar samar da wutar lantarki ta Goru Banda a 2017, aka ƙara mata ta hasken rana mai megawat 30 a ƙarshen 2023, madatsar Kandaji kuma har yanzu ana jiran ta, garin kuwa kullum faɗaɗa yake yi. Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa, wato kogin Neja, ake jawo shi, kuma Mayu da Yuni su ne lokacin da kogin ya fi ja baya. Waɗanda suka manyanta suna tuna 1985, shekarar da ya tsaya cak a nan Yamai har ana taka cikinsa da ƙafa.

Abu biyu kawai zan roƙe ki. Ruwan da kike ƙullawa ya zama wanda za ki iya ba ƴaƴanki, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi har ta isa cikin mai sha. Sannan ki ware ƙulli biyu ko uku a kowace rana waɗanda ba na sayarwa ba, na gidan da ke da marar lafiya ko mai jego ko gawa. Ƴarki kuma, idan jarrabawa ce a gabanta a watan Yuni, ki nemi wani ya karɓe ta tashin daren nan ko da sau uku a mako.

Daga wani ɗan haya, unguwar Bilbis, Tawa:

"Kawu, akwai babban dogon yaro a gidan da muke haya, a ƙarƙashinsa iyalai uku muke wuni. Mai gidan ya ce zai sare shi ya gina shago, wai saiwarsa tana fasa katanga. Me za mu yi?"

Malam, gida nasa ne, kuma maganar saiwa ba ƙarya ba ce, dogon yaro yana yin haka idan ya matsi gini. Amma ana iya haƙa rami ta gefen katangar a datse saiwar da ta nufe ta, a rage rassan da suka hau rufi, itacen ya rayu, kuma ku iyalai uku kuna iya haɗa kuɗin wannan aiki da na gyaran tsagar ku ce kun ɗauke masa. Ku kuma tuna masa cewa sare babban itace a cikin gari yana bukatar izinin ma'aikatan gandun daji, amma wannan ku bar shi a ƙarshe, kada ya ji kamar barazana. Idan shagon yake so, ku duba tare ko zai shiga ta ɗaya kusurwar.

Kada ku je masa da maganar da safe ko da dare. Ku gayyace shi cin abinci ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ku bar shi ya tako daga bakin titi cikin ranar nan, ku shimfiɗa masa tabarma a gindin itacen, a kawo masa fura mai sanyi a ƙwarya, a ɗora shayi. Sai ya sha kofi na biyu sannan babbanku ya buɗe zancen.